Shayin Tsoho Shemas

Azumin bana ya faɗo mana a tsakiyar zafi, kuma duk wanda ya zauna Doha, babban birnin Ƙatar, ya san abin da nake nufi. Da ka buɗe ƙofa sai wata iska mai ɗumi da laima ta mare ka, tabarau ya yi hazo, ka tsaya kana lalube. Daga ƙofar benenmu a unguwar Bin Mahmud zuwa inda nake ajiye mota bai fi taku arba'in ba, amma kafin in kai riga ta manne mini a baya, sitiyari kuma ba ya taɓuwa sai da hankici. To amma ban da taku arba'in ɗin nan, sauran yinin duk a cikin sanyi nake yin sa. Ofis sanyi, mota sanyi, masallaci ma sai mutum ya nemi sahun da iskar na'ura ba ta dukan ƙeyarsa. Ƙarfe shida da rabi an kira magariba, shi ke nan, an sha ruwa.

Shekaranjiya bayan la'asar ina falo da tarin takardun ɗalibai. Tarihi nake koyarwa a wata jami'a a nan, kuma abin da na ƙare rayuwata a kansa shi ne rikicin mutanen Ailan, yadda suka ɗauki shekara da shekaru suna zub da jini a kan wanda zai mulki ƙasarsu. Wani ɗalibi ya rubuto mini shafi ashirin tsaf, babu kuskure ko ɗaya, kuma babu ɗan Adam ko ɗaya a ciki. Duk daga kwamfuta ya kwaso. Na yi tsaki na jefar da biro.

Hajiya, matata, tana kicin tana suyar ƙosai. Ta leƙo da matsami a hannu ta ce, "Malam, yunwa ce ko takardun ne?"

Na ce, "Wace yunwa? Wannan ai ba azumi ba ne, hutu ne. Da kin ga wanda na yi a Belfast..."

Ta ce, "To, an zo wurin! Shekara talatin ina jin labarin tsohon nan da shayinsa, kullum a gutsuttsure, kullum ka ƙare da tsaki. Don Allah ka zauna ka rubuta shi gaba ɗaya mu huta."

Haushin maganarta na ji, domin gaskiya ta faɗa. Ga shi kuma watan azumi ya yi zagayensa na shekara talatin da 'yan kai, ya dawo daidai lokacin da ya same ni a can. To bari in rubuta.

Ina saurayi na je Belfast neman digiri na uku. Gari ne a arewacin Ailan, kuma a lokacin a rabe yake gida biyu. 'Yan Katolika akasari suna son a haɗe da sauran Ailan, 'yan Furotesta kuma suna son a ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya. Kowa da unguwarsa, da makarantarsa, da kantinsa, har da motar hayarsa. Ni a idona duk farare ne masu magana cikin hanci, amma su daga sunanka, ko sunan makarantar da ka yi, sun san ko kai na wane gida ne. Sojojin Birtaniya suna sintiri a titi, a tare ka a caje jakarka sau uku kafin ka kai jami'a.

Na sami ɗaki a unguwar 'yan Katolika, gidan wata gwauruwa mai suna Birijit. Wanta limamin coci ne da ya daɗe yana aiki a ƙasarmu, shi ya sa da ta ji ɗan Najeriya na neman masauki ta ce a turo shi. Iya nake ce mata, ita kuma ta ce mini ɗana. Tana zaune da mahaifinta, Tsoho Shemas, wanda ya kusa tamanin, kullum yana kan kujera ɗaya kusa da murhun kwal da bargo a gwiwa. Ranar da na fara shiga na durƙusa na gaishe shi kamar yadda aka koya mini a gida. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Birijit, yaron nan wani abu ya yar ne?"

Ban daɗe ba na gane wanda nake kwana gida ɗaya da shi. Tsohon nan yana matashi ya ɗauki bindiga a faɗan da aka yi lokacin da aka raba ƙasar, shekara sittin kafin zuwana. Duk layin an sani, maza kan cire hula in sun wuce tagarsa, amma bai taɓa buɗe baki ya ba kowa labari ba, ko 'yarsa. Ni kuma abin da kundina ke nema ke nan. Malamina ya gaya mini ƙiri-ƙiri cewa takardun gwamnati kowa ya karanta su, in ban kawo muryar wanda ya yi abin da hannunsa ba, to kwafe kawai na yi. Ga shi ƙarshen shekara zan koma gida, ga tsoho da tari mai fitowa tun daga ƙasan ƙirji. Kullum na ji tarin nan ta bango sai gabana ya faɗi.

Wata takwas ina lallaɓa shi. Ni ke ɗebo masa kwal daga bayan gida, ni ke karanta masa jarida domin idonsa ya yi rauni, ni ke riƙe shi zuwa bayan gida in ƙafar ta ƙi. Ban taɓa tambayarsa komai ba. Ran nan kawai, ina shirin fita, ya ce, "Yaro, gobe ka sauko da akwatin maganar nan naka." Wato rikodata. Wallahi a ranar ban san yadda na isa jami'a ba don murna.

Goben nan kuwa ita ce ɗaya ga watan azumi.

Na sauko da rikoda da sabon kaset da hantsi. Iya ta kawo butar shayi ta zuba kofi biyu. Na ce, "Baba, a yi mini afuwa, yau na fara azumi, ba ci ba sha sai rana ta faɗi." Ya dube ni ya dubi kofin. Ya ce, "Har kwana nawa?" Na ce talatin. Sai ya ja bargonsa ya ce, "To sai bayan talatin. A gidan nan ba a ba mutum labari alhali kofinsa na hucewa a gabansa. Wanda ya zauna bai sha shayinka ba, ko ɗan sanda ne ko mai karɓar haraji."

Na ɗauka wasa yake. Ina! Mutanen nan ba sa wasa da shayi. In ka shiga gida aka ba ka ka ƙi, kamar ka ce da Bahaushe ba ka cin tuwon gidansa ne. Na ce to mu yi bayan na sha ruwa. Iya ta yi dariya ta ce, "Ɗana, ka san ƙarfe nawa rana ke faɗuwa a nan yanzu?" Ƙarfe goma saura kaɗan. Shi kuwa tsoho ƙarfe takwas yake shan maganin tarinsa, kafin da rabi ya yi sharkaf, ko ganga aka buga ba ya motsi. Na ce a jinkirta maganin kwana ɗaya tak. Ta kalle ni kallon da ya sa ban sake tayar da zancen ba.

Haka na shiga azumin nan, da rikoda a ƙarƙashin gado da lissafin kwanaki a ka.

Ban taɓa ganin yini irin na ƙasar nan ba. Wajen ƙarfe uku alfijir ya keto, sai kuma goma. Rana ta ƙi tafiya. Ka yi la'asar, ka yi karatu, ka yi barci, ka tashi, ka leƙa taga, gari na nan fayau kamar azahar. Babu zafi, wannan kam gaskiya ne, amma akwai ruwa. Ba irin namu mai zuwa da hadari da tsawa ya zuba ya wuce ba, wani yayyafi ne siriri marar zuciya da zai wuni yana jiƙa ka ba tare da ka san lokacin da ka jiƙe ba. Takalmina bai bushe ba har watan ya ƙare. Ƙishirwa ba ta dame ni ba. Yunwa ce, irin ta sanyi, mai sa hannu rawa da jiri in ka miƙe. Da safe kuma ƙamshin suyar Iya ya hauro bene ya same ni, burodi a kasko da ƙwai da naman da ba na ci, amma hanci bai san haram ba.

Abin buɗa baki kuwa dankali ne. Dankali dafaffe, dankali dakakke, dankali soyayye, ran sa'a da kifi. Babu naman yanka a kusa, babu dabino, babu kunu. Iya takan rufe mini kwano ta sa a murhu kafin ta hau ta kwanta, in zauna ni kaɗai a kicin ina barbaɗa yajin da na zo da shi daga gida, ina tsimin sa kamar maganin ido. A nan Doha jiya maƙwabcinmu ya aiko mana da tire uku, harisa, wato faten alkama da nama, da shinkafa da rabin rago, har Hajiya na neman wanda za ta ba. Ni kuma na tsaya ina kallon tiren ina tuna wannan kwano guda.

Kuma ko da wasa ban isa in ce ina jin yunwa a layin nan ba. A daidai wannan lokacin samarin unguwannin 'yan Katolika da ke gidan yari suna yajin cin abinci, suna neman a ɗauke su fursunonin siyasa, kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A bangon layinmu an rubuta kwanakin da kowannensu ya yi bai ci ba, kullum a goge a ƙara ɗaya. Ni mai cin dankali kowace magariba, da wane baki zan yi ƙorafi? Duk ranar da labari ya zo cewa wani ya cika, matan layi kan fito da murafen garewanin shara su durƙusa suna buga su a kan kwalta. Ƙarar nan har cikin haƙori kake jin ta. Iya ma takan fita da nata, ta dawo gwiwoyinta a jiƙe, ta ɗora ruwan shayi.

Bayan haka sai a tare hanya, a ƙona mota, hayaƙin taya ya cika ɗakuna. Motar madara da ta burodi su daina shigowa kwana biyu ko uku. A nan na ga zaman tare. Mai gari ta ba mai ƙwai, mai kwal ta ba mai sukari, a haɗu a kicin ɗaya a gasa burodin layi gaba ɗaya. Ni aka mayar ɗan aike, domin sojoji sun gaji da caje ni, sun san ni. In zagaya ta bayan shinge da jakunkuna huɗu, in sayo madarar gida biyar, in dawo da burodi mai zafi a ƙirjina ina shaƙar ƙamshinsa, bakina a bushe.

Wata rana ina karanta wa tsoho jarida ya katse ni ya ce, "Ka san wannan abin da yaran nan ke yi ba sabo ba ne? A zamanin kakanninmu, in babban mutum ya zalunce ka ba ka da ƙarfinsa, sai ka je ƙofar gidansa ka zauna ka ƙi cin abinci. In ka mutu a nan, abin kunyar nasa ne har jikokinsa." Na yi wuf zan ɗauko biro, ya ɗaga yatsa. "Ajiye. Kai a ƙofar wa kake naka?" Na ce, "A ƙofar Allah, Baba." Ya ce, "To ina fata mai ƙofarka ya fi namu tausayi." Daga nan ya rufe baki. Haka yake yi mini, ya ɗanɗana mini a harshe ya janye, ni kuma in hau bene ina cizon yatsa.

Ranar sha biyar ga wata tarin ya tsananta har aka kira likita. Da likita ya tafi, tsoho ya sa aka zuba shayi, ya tura mini kofi da yatsa ɗaya ya ce, "Kurɓa ɗaya, yaro. Ba lalle in kai talatin ɗinka ba." Kai jama'a! Na zauna ina kallon tururin nan. Har lissafi na yi a zuci, kurɓa ɗaya, kaffarar kwana sittin, ai a lokacin sanyi yininsu gajere ne. Shaiɗan ya iya lissafi. Na ɗauki kofin na riƙe shi da hannu biyu, na ce, "Baba, ga shi na karɓa, na riƙe." Ya ce, "Riƙewa ba sha ba ce." Na ajiye. Na fita cikin yayyafi na yi ta tafiya ina jin haushinsa, ina jin haushin ranar da ta ƙi faɗuwa, ina jin haushin kaina da na yi wannan lissafin.

Tsoho ya warware, ya kai ashirin ga wata, ya kai ashirin da huɗu. Na fara ganin gaci. Sai ni da kaina na ɓata komai.

A laburaren jami'a akwai wani mai gadin ƙofa, Bili, ɗan Furotesta, mutum mai fara'a. Tun da ya gane ina salla yake buɗe mini wani ɗan ɗakin ajiya in shimfiɗa darduma, ya tsaya a ƙofa kada a dame ni. Ran nan na je ban gan shi ba. Aka ce an harbe ƙanensa jiya a ƙofar gidansa, gandiroba ne a gidan yarin nan da ake yajin.

To ni abin da na sani, in an yi wa wanda ka sani rasuwa, ka je. Ba a tambayar addinin mamaci ko aikinsa, ba a aika takarda. Mahaifina ko faɗa yake da mutum, in aka yi masa mutuwa shi ne farkon zuwa. Ban yi shawara da kowa ba, don ban ga abin shawara ba. Washegari na sa farar babbar rigata da hula, na ce wa Iya zan je gaisuwa, ta ce a dawo lafiya, ba ta tambayi ta wa ba. Na tsallaka titi huɗu zuwa unguwar da ban taɓa shiga ba. Baƙo ko da ido makaho ne.

Na zauna a gidan wajen sa'a biyu. Da aka fito da gawa, sai na ga al'adarsu irin tamu ce, maza na karɓa-karɓa da akwatin a kafaɗa a kan titi. Bili ya waiwayo ya gan ni, ya matsa ya ba ni wuri. Ni da aka raina a kan cewa ɗaukar makara lada ne, ƙafata ce ta kai ni kafin kaina ya yi tunani. Na sa kafaɗa, na yi taku kamar ashirin, wani ya karɓe ni. Ban lura da masu ɗaukar hoto ba.

Labaran ƙarfe shida suka nuna ni. Baƙin mutum ɗaya tak a cikin farar riga, ɗauke da gandiroba. Ko makaho ya gane ni.

Da na dawo, layin ya yi tsit, matan da nake sayo wa madara suka shige gida suka rufe ƙofa. Na tarar da akwatina a zaure a ɗaure, rikoda a kai. Iya na tsaye, fuskarta ta yi ja.

Ta ce, "Wata tara kana cin abincina. Ka ga muna durƙuso a kan titi. Ka rasa wanda za ka ɗauka sai mai riƙe da makullin 'ya'yanmu?"

Na ce, "Iya, ta'aziyya na je. Wansa abokina ne. A wurinmu..."

Ta ce, "Nan ba wurinku ba ne! Ka san abin da ake faɗa a layi? Cewa ake dama kai ɗan rahoto ne, ga akwatin naɗar magana a ɗakinka. Ka san abin da ake yi wa ɗan rahoto a nan? Ni na san kai wawa ne kawai, amma ba ni za a tambaya ba. Ɗauki kayanka tun da sauran haske."

Na leƙa falo. Tsoho na kan kujerarsa ya ba ni baya, bai juyo ba. Kwana biyar ya rage. Kwana biyar, bayan wata tara! Na ɗauki akwati na fita, ina tafe ina zagin kaina da duk zagin da na iya.

A ɗakin wani ɗalibi ɗan Sudan na ƙarasa azumin, ina kwana a ƙasa. Malamina da ya ji abin da na yi ya riƙe kai ya ce duk littattafan da na karanta ban fahimci komai ba. Ban musa ba. Amma har cikin raina na kasa ganin laifin zuwa gaisuwar mutuwa, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi, domin ko tuba zan yi ban san daga me zan tuba ba.

Ranar salla mu kamar ashirin muka yi idi a wani falo, ana yayyafi a waje. Kowa ya tafi cin shinkafa, ni kuwa na saɓi rikoda na nufi layin. Na san ganganci ne. Na ƙwanƙwasa, Iya ta buɗe, ta ce, "Ba ka da hankali ne?" Za ta rufe sai muryar tsoho ta fito daga ciki.

"Yaron ne? Watan nasa ya ƙare?"

Na ɗaga murya na ce, "Ya ƙare, Baba."

"Birijit, ɗora ruwa."

Ya rame a kwana biyar ɗin nan. Na durƙusa na gaishe shi, wannan karon bai yi mini ba'a ba. Aka zuba shayi, na ɗauka na kurɓa yana kallo, ya ƙona mini harshe ban damu ba. Ya ce wa 'yarsa ta ja mana ƙofa. Ya nuna rikoda da haɓa, na danna, kaset ya fara juyawa. Na buɗe baki zan yi tambayar da na yi wata tara ina gyara ta, sai ya riga ni.

"Gidan da ka je. Me ka gani a ciki?"

Na ce, "Baba, ai ni ne zan..."

"Me ka gani?"

Na ce a raina to, in na biya masa wannan sai mu shiga nawa. Na gaya masa an ja labule, an rufe madubi da zane, an tsayar da agogon bango. Ya ce, "Su ma suna tsayar da agogo?" Na ce suna tsayarwa. Ya ce in ci gaba. Na ce mata sun cika kicin suna yanka burodi, maza na tsaye a zaure ba mai kallon wani. An wanke dakalin ƙofa amma an kasa fitar da tabon daga tsakanin bulo, kowa sai ya tsallake wurin. Takalman aikinsa na nan a jere a bayan ƙofa, ba wanda ya iya ɗauke su.

"Matarsa fa?"

Na ce ba ta kuka. Yawo take cikin mutane tana tambayar kowa ko an ba shi shayi, wanda ta tambaya yanzu ta sake tambayarsa. Ni ma ta ba ni, na ce ina azumi, sai ta naɗe mini yankan kek a takarda ta ce in ci in rana ta faɗi.

"Ka ci?"

"Na ci, Baba."

"Uwarsa na da rai?"

Na ce tana da rai. Tana zaune kusa da akwatin tana gyara masa gashi da yatsa, tana cewa bai taɓa iya taje kansa ba.

Haka ya yi ta yi mini, tambaya bayan tambaya, har fuska ɗaya ta kaset ta kusa cika da muryata ni kaɗai. Ni da na zo ɗaukar magana, ni ake ɗauka. Ina duban kaset yana ƙarewa, raina na ƙuna. Da na ga tambayoyinsa sun ƙare na ce, "To Baba, saura naka."

Ya miƙo hannu a hankali, ya lalubi rikodar, ya danna ta tsaya. Ashe duk watannin nan ya lura da inda ake dannawa.

Ya ce, "Shekarata goma sha takwas a lokacin. Wani gida ne, layi biyu daga gidan da ka je. An ba ni suna da lambar gida. Na ƙwanƙwasa, mutumin ya buɗe, safa ce a ƙafarsa, ko takalmi bai sa ba, yana tauna wani abu. Na yi abin da aka aiko ni, na gudu ban waiwaya ba." Tari ya sarƙe shi, na miƙa masa kofinsa. "Shekara sittin na san abin da ya faru a bakin ƙofar. Abin da ya faru a bayanta ne ban sani ba, kuma duk garin nan babu wanda zan tambaya, don namu ba sa shiga can. Sai da aka kawo mini wawa daga wata duniya."

Amma ni ɗalibi ne, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin da ya fara zuwa kaina shi ne kundina. Na ce, "Baba, don girman Allah ka maimaita, ko rabinsa ne. Ba zan sa sunanka ba. In ba a kaset yake ba, ba wanda zai karɓa daga gare ni. Wata tara nake jira, na yi talatin ɗin da ka ce, na sha shayin!"

Ya dube ni da jajayen idanunsa ya ce, "Da ka je gidan matar nan, ka tafi da akwatin nan?"

Na ce, "Haba Baba, wa ke zuwa ta'aziyya da rikoda?"

Ya ce, "To yau ma ta'aziyya ka zo. Shanye shayinka ka tafi, kada ka sake dawowa layin nan."

Na shanye. Iya ta raka ni ta ƙofar baya. Kafin sanyi ya shigo na ji ya rasu, kuma ban isa in je ba, ni da zuwa gaisuwa ya jawo mini komai. Kundina ya fita da takardun gwamnati kamar na kowa, babu Tsoho Shemas a ciki ko layi ɗaya. Na yi shekara talatin ina neman amsar da ya kamata in ba shi a ranar, wadda za ta sa ya sake danna rikodar nan, kuma har yau ban same ta ba.